Kawu Mai Karanta Tsage

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za a tattara mu. Ran Talata da hantsi Kawu ya cika, kafin azahar mun kai shi makwancinsa a bayan Ƙofar Gayan. Tsufa ne, ba wani ciwo ba. Inna, matarsa, ta ce ya sha kununsa, ya nemi a gyara masa matashi, shi ke nan.

Kwana bakwai na yi a zaurensa ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗa. Liman ya ce an yi rashin mai haƙuri. Mai unguwa ya ce yanzu ba shi da mai raba masa faɗan maƙwabta. Samarin nan da ke zama gindin akwatin rediyo suka shigo a jere, ɗayansu ya ce, "Allah ya jiƙan Jakada," sauran suka sunkuya suna danne murmushi. Sunan da suka laƙa masa ke nan don ba'a. A wurinsu tsoho ne da ya je Makka a ƙasa ya dawo da labarai. Har babban ɗansa, mai aikin akawu, na ga ya kau da kai da aka ambaci sunan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ni ba malami ba ne. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, sana'ata gyaran keke a bakin Ƙofar Doka. Kuma gara in faɗa tun yanzu: shekara goma sha takwas ban yi masa gaisuwar kirki ba, duk unguwa an sani. Mai jiran yabo zalla ya nemi wani. Amma in na yi shiru, sunan ba'ar nan ne zai rage masa, kuma duk fushina ban yarda da haka ba.

Wani abu kuma ya dame ni a kwanakin. Alhazai suka yi ta zuwa waɗanda ban sani ba, daga Tudun Jukun, daga ƙauyuka, har da wani tsoho da ya zo kan jaki. Kowanne in ya yi addu'a ya shafa, sai ya ɗago ya kafa mini ido. Wani har ya taɓa na kusa da shi ya nuna ni da haɓa. Na ɗauka labarin gabarmu ne ya kai musu, na haɗe rai na ƙyale su.

Kawu ba ɗan'uwan uwata ba ne. Yau na faɗa, tunda mai maganar ya tafi.

Ina ɗan shekara tara uwarmu ta rasu, ubanmu ya ɗauke mu, ni da ƙanwata, ya kama hanyar gabas a ƙasa da niyyar Hajji. Shekara biyu muna tafiya, in damina ta same mu a yi noma, in an girbe a ci gaba. Ya rasu a bakin Bahar Maliya, yana kallon ruwan bai haye ba. Jagoran ayarin ya ce zai kai mu mu cika wa ubanmu niyyarsa. Ya kai mu ɗin. Ni ya sayar da ni a Jidda, ita ya sayar da ita a Makka. Shekara goma sha uku ina ɗaukar ruwa a garwa ina hawa benayen mutane, har Hausa ta fara zube mini daga baki.

Wata rana a kasuwa wani baƙin mutum mai farar riga ya tare ni. Ko sallama bai yi ba. Ya kama haɓata ya juya fuskata hagu, ya juya ta dama. Na saba da irin wannan kamun, saboda haka na tsaya. Sai na ji ya ce da Hausa, "Zube uku-uku, 'yan baka biyu. Na tsakiyar hagu ya katse ya ci gaba. Wanzamin nan bahago ne, na gabashin kogin Galma. Kai mutumin Zazzau ne. Wa ya kawo ka nan?"

Garwar ta suɓuce mini. Ruwan mutane ya tafi a ƙasa.

Aikinsa ke nan a lokacin. Tun yana saurayi ya je Hajji ya zauna, ya iya Larabci, da ma yana da Fillanci da ɗan Barbarci, sai gidan jakadan Turawa na Jidda suka ɗauke shi tafinta saboda Takari, wato mu baƙaƙen yamma. A zamanin akwai wata ƙofa a gidan. Duk bawan da ya shige ta da ƙafarsa, Turawa na iya rubuta masa takardar 'yanci su sa shi a jirgi. Ba sa zuwa ɗauko kowa, sai wanda ya kawo kansa. In ya shiga, ubangijinsa zai biyo ya ce a gidansa aka haife shi, ga ma tsagen nan uku irin na mutanen Makka, don su ma suna yi wa yaransu. Nan ake kiran Kawu. Ya duba ya ce a'a, wannan Bagobiri ne, wannan Banufe, wannan askar Borno ce. Yakan ce mu namu fasfo a fuska yake, ba ya jiƙewa a jirgi, ɓarawo ba ya yanke shi.

Yadda aka yi ƙofar nan ta samu, shi ne labarin da samari ke yi masa dariya a kai. Na ji shi daga bakinsa tun a can, kuma ban taɓa kama shi da ƙari ba.

Da sarkin Najadu, ta can tsakiyar ƙasar Larabawa, ya ƙwace Makka da Jidda daga hannun Sharifi, dole kowace ƙasa ta sake zama da shi. Turawa suna son a bar alhazan ƙasashensu su shiga su fita lafiya, a ƙyale ƙananan sarakunan bakin teku da ke ƙarƙashinsu, kar kuma a tayar da maganar wasu garuruwa biyu na arewa da kowa ke cewa nasa ne. Shi sarki yana son a kira shi sarki mai cikakken iko, ba wanda ake riƙe wa hannu ba, a bar shi ya sayi bindigogi, kar kuma baƙo ya yi shari'a a ƙasarsa. Zaman farko a tanti aka yi, aka watse ba a shirya ba. Na biyu a wani gida a bayan garin Jidda.

"Ba ni na yi yarjejeniyar ba," in ji Kawu. "Ni akwatin takardun na riƙe." Wannan gaskiyar ban taɓa jin ya ɓoye ta ba. Yana tsaye a baya da akwatin ƙarfe, in an tashi Baturen da ke wakiltar Turawa ya tambaye shi me bayin sarki ke cewa wurin dafa gahawa, don abin da ake faɗa can ya fi na zaure kusa da gaskiya.

Ya ce da safe sarki kan zauna ya yi ta hirar ruwan sama da raƙuma, ya ce wa baƙonsa duk abin da kuke so naku ne. Da la'asar sai waziransa su zo su karɓe shi kalma kalma. Akwai kalmar da aka kwana biyu a kanta. Ya ce in ka ji an ɗaga murya, abin da za a saki ne. Abin da mutum ke so da gaske sai an tashi, yana neman takalminsa a bakin ƙofa, zai ambace shi kamar ya tuna ne yanzu.

Batun bayi ne ya kusa watsa zaman. Sarki ya ce ba zai sa hannu a takardar da ta ce baƙo na 'yanta bawa a ƙasarsa ba, mutanensa na jeji za su tashi masa. Bature ya ce in ya koma gida ba wannan, mutanensa ba za su karɓa ba. Sai aka samo dabara. A cikin yarjejeniya aka rubuta cewa sarki zai taimaka a hana cinikin mutane. Maganar ƙofa kuwa aka rubuta ta a wasiƙa daban, wannan ya ba wancan, wancan ya amsa, duk a rana ɗaya. Kawu ya haɗa takardun biyu ya rufe a akwati ɗaya ya ɗauka a ka.

Nan kuskurensa yake, kuma a kaina ya sauka.

Da ya ce in bi shi gidan jakada, na ce ba zan shiga ba sai da ƙanwata. Na san gidan da take, masu kai kaya Makka suna kawo mini labarinta. Ya ce, "Mace a cikin gidan Makka ba ta fitowa yanzu. Ka bari lokacin Hajji ya zo. In an ɗaura harami mata ba sa rufe fuska, gari ya cika, ba wanda ya san na wani. Zan gane ta, ai tsagenku ɗaya ne, in saka ta cikin Takari in kawo ta. Kai ka shiga yau, an riga an ga ina magana da kai."

Na ce, "Ana cewa wa'adin takardar nan ya ƙare, za a sake zama. In aka rufe ƙofar fa?"

Ya yi dariya. Har yau ina jin dariyar. Ya ce, "Ni na riƙe takardun da hannuna. Wasiƙar sharhi ce. Ka taɓa ganin an sake kwafar littafi an bar sharhin da ke gefe? Inda matani, wato ainihin littafin, ya je, nan sharhi ke zuwa."

Karatun zaure ya yi, ya auna takardar Turawa da littattafan malaminsa. Ni kuwa ko alif ban sani ba, na ga mutum mai furfura ya faɗa da tabbaci, na shiga. A gaban Bature ya ce ni ɗan ƙanwarsa ne, don a rubuta mini takardar komawa gida, kar a sauke ni a Sudan a bar ni. Tun daga ranar nake ce masa Kawu.

Bayan kwana goma aka sa ni jirgi. Na zauna a Bur Sudan ina dako a bakin ruwa, duk jirgin da ya zo daga Jidda sai na je na duba masu sauka. 'Yan watanni kafin Arfa labari ya zo. An sabunta yarjejeniya. Matanin yana nan yadda yake. Wasiƙar an janye ta. Turawa sun samu abin da suke so a wani wurin, sarki ya ce ya yi dokarsa ta bayi, shi zai duba da kansa. Ƙofar da na shiga ta koma ƙofa kawai.

Daga baya na ji cewa duk da haka Kawu ya je Makka. Ya tarar 'yar gidan ta yi aure can cikin Najadu, an haɗa mata da ƙanwata cikin kayan ɗaki.

Na riga shi dawowa Zariya da shekara uku. Shi sai da yaƙin duniya ya tashi ya tattaro iyalinsa. Ranar da ya sauka zaure ya cika, ana ta barka da zuwa, ana shafar rigarsa. Na ratsa na tsaya a tsakiya, ban durƙusa ba.

Na ce, "Kawu, ina ƙanwata?"

Ya dube ni ya ce, "Na yi kuskuren karatu, ɗana."

Na ce, "Kai ka yi kuskuren, ita ke ɗauke da shi. Akwati ka riƙe wa Turawa, ka ɗauka ka san abin da ke ciki."

Ɗansa ya yunƙuro, Kawu ya riƙe masa riga. Ya ce, "Ƙyale shi. Daidai ya faɗa." Na fita. Lungu biyu ne tsakanin gidana da nasa, amma daga ranar in mun haɗu a masallaci sallamar dole kawai nake yi in wuce.

Ban hana idona ganinsa ba dai. Unguwa ɗaya muke.

Yana da wata 'yar buta mai dogon baki da ya taho da ita, da finjali huɗu, ɗaya ya tsage. Kullum bayan la'asar sai ya dafa gahawa mai ɗaci ya zauna a dakali. Duk wanda ya zo da ƙara ba ya sauraronsa sai ya sha. In mutum ya fara, "Alhaji, wane ya yi mini kaza," sai ya ce, "Yaya ruwa a wajenku bana?" Masu gaggawa sun tsane shi a kan wannan. Amma kafin finjali na biyu rabin fushin ya tafi.

Na tuna rikicin indararo. Wasu maƙwabta biyu, wani maɗinki da wani mahauci, ruwan soron wannan yana cin katangar wancan, har an kai ga zagin iyaye. Mai unguwa ya turo su wurinsa. Kawu ya ƙi haɗa su. Ya ajiye wannan a zaurensa, wancan a nasa, ya yi kwana uku yana kai da kawowa da sandarsa. Ranar farko gaisuwa kawai ya kai wa kowannensu, wadda ba su aika ba. Rana ta uku ya haɗa su gaban mai unguwa da mu maƙwabta, aka shirya za a juya indararon ya fuskanci lungu. Aka shafa fatiha, aka fara naɗe tabarmi. Mahaucin yana sa takalmi ya ce wa maɗinkin, "Batun gyaran inda ya zube kuwa, wannan tsakaninmu ne, ba sai an faɗa nan ba."

Kawu ya riga ya sa ƙafa ɗaya a takalmi. Ya cire. Ya ce, "A dawo da tabarma."

"Haba Alhaji, ai mun yi alkawari."

"Na san alkawarin gefe. Na taɓa ɗaukarsa a ka. Wa zai kwaɓa ƙasa, wa zai ɗora, kafin wace Juma'a? A faɗa nan, kowa ya ji."

Maɗinkin ya ce, "Jakada ke nan, ko kaza za a yanka sai an kira shaidu." Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Ni kaɗai ne ban yi ba, don ni kaɗai na san wace tabarma yake son dawowa da ita.

Haka yake yi a ɗaurin aure. In dangi suka ce inda amarya za ta zauna a bari sai daga baya, sai ya tsayar da liman. Nawa auren ma shi ya tsaya. Wani ya raɗa wa iyayen matata cewa ni 'yantaccen bawa ne, aka fara ja da baya. Ban roƙe shi ba. Na dai ji ya je da kansa ya ce, "Ɗan ƙanwata ne. Mai wata magana ya zo ya same ni." Ya zauna ya zama waliyyina, ya karɓa mini aure. Aka tashi na bi ta bayansa na fita ban ce na gode ba. Matata har yau tana tuna mini.

Bara waccan, da ake ta maganar manyanmu sun tafi Ingila taron mulkin kai, samarin rediyo suka tare shi zai wuce. Ɗaya ya ce, "Jakada, kai ba a gayyace ka ba?"

Ya ce, "Ƙafa ce ta hana. Ku dai in sun dawo ku tambaye su takarda nawa suka sa wa hannu."

"Ɗaya ce mana."

"Ba a taɓa sa wa ɗaya hannu ba. Ku nemi ta biyun. Talaka a cikinta ake sa shi."

Suka bushe da dariya, ya wuce yana dogara sanda. Ina rumfata na ji, na ce a raina, yanzu ka sani.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa rumfar. Shekara shida ke nan, bayan dawowar alhazai, da hantsi. Ina tsugune ina neman huji a tayar keke cikin kwanon ruwa, sai na ga inuwa. Ya ce, "Ɗana, ina da magana."

Ban ɗago ba. Na ce, "Da ita ka zo?"

Ya ce, "A'a. Amma..."

Na ce, "To matsa, kana tare mini haske."

Ya ɗan tsaya. Na ji numfashinsa, don tafiyar ta yi masa nisa. Sannan inuwar ta janye. Ranar har na ba abokaina labari, ina jin na yi abin kirki.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a mutane sun ragu, tsohon nan mai jaki ya taso ya tsuguna a gabana. Ya share ƙasa da tafin hannu. Ya sa yatsa ya ja layi uku nan, uku can, biyu ƙanana a ƙasa. Da ya zo na tsakiyar hagu ya ɗaga yatsan ya sake ɗorawa. Ya dube ni ya ce, "Kai ne yayanta."

Na ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Ya ce, "Marigayi. Shekarar da zan tafi ya zo har ƙauyenmu. Ya zana, ya goge, ya ce in zana. Sau biyar ina yi yana gogewa, kamar ɗan makarantar allo, ga matana suna leƙe suna dariya. Ya ce ranar Arfa da kwanakin Mina in riƙa duba fuskar baƙaƙen matan da ke cikin Larabawa. In na ga wannan, in ambaci Galma, in ce mata yayanki ya isa gida." Sannan ya ce, "Na duba, Malam. Wallahi na duba har na kusa ɓata wa kaina addu'a. Ban gani ba."

Wani alhaji daga gefe ya ce shi ma an koya masa. Wani ya ce shi ma. Liman ya ce, "Duk wanda ya tafi daga garin nan tun dawowarsa, in dai ya ji labari, sai ya je. Mun ɗauka ka sani."

Na tashi na shiga cikin gida wurin Inna. Tana zaune a ɗakin takaba, ta ce, "Shigo, ɗan nan. Na san za ka zo."

Na ce, "Inna, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta ce, "Wa zai gaya maka? Kai da ko sunansa aka ambata sai ka tashi. Shi yana koya wa maza a ƙasa, ni ina koya wa mata da gawayi a bayan ƙwarya. Ƙwarya nawa na ɓata." Ta gyara mayafi. "Ranar da ya je rumfarka, wata Hajiya ce ta Tudun Jukun ta dawo. Ta ce ta gan ta a Mina, riƙe da yara biyu. Ta faɗa mata saƙon. Matar ta tsaya ta sa hannu a baki, sai jama'a ta raba su."

Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Shekara shida. Ba zai aiko ko yaro ya faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na ce masa ya aika. Ya ce shi da saƙon gefe har abada. Ko ka ji daga bakinsa ido da ido, ko a bari. Taurin kanku ɗaya, kamar da gaske jininsa ne kai. Na kuma ce masa, Malam, me kake wahala da zane, fuskar tana nan lungu biyu da mu, ka roƙe shi ya riƙa bin ka. Ya ce fuskar ba tasa ba ce. Ya taɓa kama ta sau ɗaya ba izini, ya isa."

Washegari na je Tudun Jukun. Hajiyar ta tsufa, amma da aka shigar da ni ta dube ni ta ce ba sai an gaya mata ko ni wane ne ba. Na tambaye ta ko matar ta ji saƙon. Ta ce ba za ta rantse ba, ƙarar mutane ta yi yawa, amma ta waiwayo sau biyu. Na ce yaya jikinta. Ta ce ba ta rame ba, akwai lalle a hannunta, furfura ta fara fito mata a nan, ta nuna gefen kanta. Abin da na samu ke nan na ƙanwata, shekara talatin da biyar rabona da ita. Da na ɗaga kaina daga kwanon ruwan nan, da na same shi tun Kawu yana da rai, da kuma ya ga na ji.

Ba zan ce bai yi kuskure ba. Ya yi, kuma mace ɗaya ta tsufa a ƙasar mutane saboda shi. Manyan da suka zauna suka janye wasiƙar ba su san da ita ba, ba su san da shi ba, sun sha gahawarsu sun tashi. A cikin duk waɗanda takardar nan ta bi ta hannunsu, mai ɗaukar akwatin ne kaɗai ya ce laifinsa ne. Samarin rediyo su ci gaba da ce masa Jakada. Sun faɗi daidai ba su sani ba: ba wanda ya naɗa shi, amma shekara goma sha takwas yana aika mutane ƙasar Larabawa da magana ɗaya.

Makon jiya motar maniyyata ta farko za ta tashi. Na rufe rumfa na je tasha. Suna zaune kan kayansu ana ɗaure buhunan gari a saman mota. Na yi sallama na ce ina da saƙo. Na tsuguna na share ƙasa yadda tsohon ya yi, na fara jan layi. Na rasa wanne ne hagu in ana kallon mutum, na goge, na sake, na goge.

Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce, "Malam, bar ƙasar nan. Ɗago."

Na ɗago. Ta kira sauran mata, maza ma suka matso. Ta ce in juya hagu, na juya. Ta ce dama, na juya. Na tsaya a rana suna kallo har suka ce sun riƙe.

Direba ya yi ham. Tsohuwar tana hawa ta ce, "In mun gan ta me za mu ce?"

Na ce, "Ku ce yayanki ya isa gida. Ku ce Kawu ne ya aiko."

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa inda yake, ya yafe masa karatun da ya kuskure. Ni ma ya yafe mini wanda na ƙi saurara.